Inda Jirgi Ke Shan Ruwa

"Na gaji, Illa."

Da wannan Shekara ta tarbe shi, ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba. Tana zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai, shi kuwa yana tsaye da hular ma'aikatan jirgin ƙasa a hannu, ko ruwa bai sha ba tun da ya sauka daga raƙuman fatake.

"Daga Kano fa nake, Shekarata. Ko 'yar sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Na gaji."

"Da ni?"

"Da kai, da Baba, da gyaɗar nan, da matan Matameye masu tambayata yaushe ne biki. Kowace kaka ka zo da sabulu da turare, ka durƙusa a zaure, ya ce a'a, ka koma. Ni ce dai a tsakiya kamar turmi."

Illa ya tsuguna nesa kaɗan, ya ɗebi gyaɗa ya shiga taya ta ɓara. Ya rame. Ta lura sarai, sai dai ta kawar da kai don kada zuciyarta ta yi laushi.

"Wannan karon na zo da dabara."

"Bara ma da dabara ka zo."

"Ta bana ta fi. Jirgin zan sa shi a ciki."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Baba? A jirgi? Lallai rana ta taɓa ka a hanya."

Gaskiyarta kuwa. Kowa a Matameye ya san mahaifinta Madugu Muntaka ba ya son ko jin sunan jirgin ƙasa. A da shi ke jan ayarin kanwa daga ƙasar Damagaram, ya bi ta Gumel da Ringim har Kano, ya dawo da goro da turkuɗi. Sai Nasara suka zo suka raba ƙasa, nan Faransa, can Ingilishi, aka dasa 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, a Ɗan Barto. Can kuma aka shimfiɗa ƙarfe, jirgi ya kwashe kayan da jakuna ke ɗauka. Ayari ya watse, jakuna suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, daga baya ciwon yana ya rufe wa tsohon ido, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Shekara kaɗai ta rage masa. Ita ke jan sandarsa, ita ke gaya masa wanda ya shigo.

Illa kuwa ɗan maƙwabta ne, tare suka tashi. Da aikin tilas na kwamandan Faransa ya matsa wa samari, ya tsallaka Kano kamar sauran. Ya yi dako, ya yi leburanci, har Allah ya sa aka ɗauke shi yaron gadin jirgi, mai rufe ƙofofi da murɗa birki a taragon ƙarshe. Aiki ne da ake rububinsa. Da shi ya kama ɗaki a Fagge, har da na tsohon a gefe, don ya san Shekara ba za ta taɓa barin ubanta ba.

Amma duk zuwansa amsa ɗaya ce. "Ba na ba da 'yata ga yaron da ubangidansa ba ya waiwaye."

Madugu, a faɗar tsohon, shi ne ƙarshen tashi a zango. Sai kowa ya ɗaura kaya ya kama hanya, sannan ya zagaya ya duba ko an bar mara lafiya ko mai nauyin barci. Jirgi kuwa, yadda ya ji labari, kuka ɗaya yake yi ya wuce, ko uwar direban ce a ƙasa. Yaron da ke cin abinci a jikin irin wannan abu, in ji shi, wata rana haka zai yi wa Shekara.

Bayan la'asar Illa ya shiga zaure ya durƙusa. Shekara ta kawo ruwa, ta laɓe bayan zana, kunnenta duka biyu a ciki.

"Baba, ba maganar aure na zo da ita ba yau."

"To, Alhamdu lillahi. Mun huta."

"Yawo nake so in kai ka. Yini ɗaya rak. Mu tashi Kano da safe, mu yi azahar a Ringim, mu dawo mu yi magariba a Kano."

Tsohon ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Kano zuwa Ringim a dawo a yini guda? Tafiyar da muke yi zango bayan zango, ƙafa na tsagewa? Yaro, ƙarya ma ana yi mata kwalliya."

Illa bai yi gardama ba. Ya karyo kara ya ja dogon layi a yashin zauren, ya jera ɓawon gyaɗa a kai, kowane ɓawo tasha guda. Ya shiga zayyanawa kamar mai talla. Nan Jogana ce, mata na kawo fura har bakin taga. Nan Zakirai, in ranar kasuwa ce za a ga shanu har inda ido ya ƙare. Nan kuma fadama ce, ruwa na kwance, belbelu sun rufe ta fari fat. A Ringim za su sauka su je bakin kogi, su ci kifi, su miƙe ƙafa a inuwa kafin jirgin dawowa ya iso.

"Ni da wane idon zan ga belbelunka?"

"Shekara ta gani ta faɗa maka, Baba."

"Hmm. Kawo hanyar taka in taɓa."

Ya miƙa hannu ya lalubo layin, ya bi shi da yatsa a hankali, yana tsallake ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Sai yatsan ya ci karo da 'yar tsakuwa.

"Wannan fa? Ba ka faɗe ta ba."

"Nan ba tasha ba ce. Daji ne, ba gari kusa. Tankin ruwa ne kawai, jirgi ke tsayawa ya sha ya wuce."

"Bayan Zakirai?"

"Bayan Zakirai."

"Akwai tsohuwar rijiya a hannun hagu? Da tsamiya?"

"Akwai wata tsamiya can nesa kaɗan, ana hango ta."

"Biyu ne."

"Ɗaya nake gani, Baba."

"Biyu ne," in ji tsohon. Yatsansa bai bar kan tsakuwar ba. Can ya ce, "Zan je."

Illa ya fito yana murna kamar an ba shi auren. Ya tarar da Shekara jingine da zana, idonta ya kawo ruwa.

"Kin ji? Ya yarda! Me kuma ya faru, hasken idona?"

"Ba jirginka ya yarda da shi ba, Illa. Innata ce a wajen."

Ta gaya masa abin da ba a faɗa a gidan. Tana goye uwarta ta bi ayari, zazzaɓi ya kama ta a hanya, ta cika a zangon tsamiya biyu, a can aka rufe ta. Washegari dole madugu ya tashi da mutanensa, ga jaririya a hannu. Daga baya hanya ta mutu, ido ya tafi, bai sake komawa ba. Tun da Shekara ta yi wayo ba ta taɓa jin ya ambaci sunan matar ba, sai dai ya ce "uwarki", shi ma sai dole.

Murnar Illa ta koma ciki. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Shekara, tsayuwar wajen ba ta wuce a sha ruwa a ajiye ƙwarya ba. Ba a barin fasinja su sauka. Jirgin dawowa kuma ba ya tsayawa a nan sam."

"To ka gaya masa."

"In na gaya masa zai fasa."

"In ba ka gaya masa ba fa?"

"Zan zaunar da ku ta hagu. Ki nuna masa saitin, ya yi fatiha daga taga. In an yi auren, wallahi ni da kaina zan kai shi da jaki, ko zan yi sati a hanya."

Ta dube shi, ga tausayinsa ga haushinsa. "Allah ya sa," kawai ta ce, ta ɗauki faifanta ta shige.

Illa dai ya gaya wa tsohon gaskiyar tsayuwar, da safe kafin su tashi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji," ya ci gaba da naɗa rawaninsa.

Tafiyar zuwa Kano ta ci musu rai. Suka bi fataken gyaɗa, tsohon a kan jakin aro, Shekara na jan akala. A Ɗan Barto 'yan duwan suka zazzage musu ƙunshi har da tsumman sallah, suka shanya su a rana kafin su ce su wuce. Daura, Kazaure, ƙafar Shekara ta kumbura, bayan tsohon ya riƙe. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, wannan kuwa ya fi komai tayar mata da hankali, don ta san ubanta da mita.

Ranar tafiya suka isa tasha da sassafe. Illa yana bakin aiki ne a jirgin, da kyar ya roƙi gadi, shugaban aikinsa, ya yarda ya riƙa leƙo baƙinsa. Ya sama musu benci ta hagu, ya ajiye musu buta da gorar ruwa, ya ruga wajen ƙofofinsa.

Yana ba da baya tsohon ya miƙe.

"Kai ni wajen madugun."

"Wane madugu, Baba?"

"Na jirgin mana. Ana shiga ayarin mutum ba a gaishe shi ba?"

Ta ja shi suka ratsa mutane har kan jirgin, inda zafi ke bugowa kamar bakin murhu. Direban wani ƙaton mutumin kudu ne, gawayi ya ɓata masa riga, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Tsohon ya gaishe shi gaisuwar manya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Sannan ya zaro fararen goro manya daga aljihu, naɗe a ganye, ya miƙa da hannu biyu.

"Madugu, in mun kai inda dabbarka ke shan ruwa, ina da gaisuwa a gindin tsamiya. Ba zan daɗe ba. Ka jira ni."

Mutumin ya washe baki, ya karɓa, ya ɗaga goron sama. "Na gode, Baba. Na gode."

Tsohon ya juyo fuskarsa a sake, rabon Shekara da ta gan shi haka har ta manta.

"Kin gani? Ya karɓa. Ashe ɗan mutunci ne."

A ayari, in madugu ya karɓi goronka a kan wata buƙata, magana ta ƙare, ko sama za ta faɗo sai ya cika. Haka Shekara ta tashi tana ji. Maganar Illa tana kanta, amma ga goro a hannun mutum, da idonta ta gani. Ta ce a ranta, Illa yaron gadi ne, wannan kuwa shi ne mai jirgin. Sai ta ji sanyi, ta bar abin a cikinta.

Jirgi ya yi kuka ya ja. Tsohon ya damƙe benci da hannu biyu yana salati, Shekara ta runtse ido. Da ta buɗe, ganuwar Kano na gudu baya, gonaki na juyawa.

"Faɗa mini," in ji tsohon.

"Ga rumbuna, Baba... sun wuce. Ga wata kuka... ta wuce. Ga mata a rijiya..."

"Sun wuce. Wannan wace irin tafiya ce, mutum bai gama ganin abu ba an ƙwace?"

A Jogana Illa ya leƙo da ƙwaryar fura, gumi na zuba. Tsohon ya kurɓa ya ce ta yi tsami, amma ya shanye. A Zakirai ba ranar kasuwa ba ce, ba shanu ba dalilinsu, sai rumfuna wayam da wata akuya.

"Ina shanun naka?" Shekara ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Sun ji kina zuwa, kunya ta kore su."

Ta yi murmushi ba ta shirya ba. Ya tsaya yana kallonta kamar ya manta da aiki, sai da gadi ya daka masa kira daga baya.

Daga nan tsohon ya gyara zama. Ya kafa fuska a taga yana shaƙar iska, leɓɓansa na motsi. Da jirgi ya fara rage gudu, tun kafin Shekara ta hango tankin, ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Mun zo."

Daji ne fetal. Tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, sai ciyawa da ƙaya. Can hagu, da 'yar tazara, tsamiya guda tsaye.

Tsohon ya nufi ƙofa, fasinjoji na ce masa ba a sauka, bai ko juya ba. Shekara ta riga shi dira ta tare shi. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya miƙe sosai, ya saita hanya da kansa kamar mai ido.

Sai ga Illa a guje daga taragon ƙarshe.

"Baba, don Allah ku koma. Yanzu zai tashi."

"Ba zai tashi ba. Na yi magana da madugunku."

"Wane... Shekara, me yake faɗa?"

"Ya ba direba goro a Kano. Ya karɓa, Illa, a gabana."

Illa ya dafe kai. "Inna lillahi... Ai ko jin abin da kuka ce bai yi ba. Goro ya gani ya karɓa. Shi kansa ba shi da iko, agogo ke tuƙa shi."

"Ya ci goro," in ji tsohon, ya ci gaba da tafiya.

Shekara ta tsaya tsakaninsu. Ga uba yana kutsawa cikin ƙaya da sanda, ga Illa idonsa jawur.

"Shekarata, ki jawo shi. In jirgin nan ya tafi ba mai dawowa ta kanku. Ni kuma in na bar taragona, aikin ya tafi, ɗakin ya tafi, komai da na tara mana..."

"Na sani."

"To ki taimake ni."

"Ta yaya? In ɗauke shi a ka? Shekarunsa nawa yana jiran wannan tafiyar?" Muryarta ta karye. "Je ka, Illa. Je ka kama aikinka. Ni dama na gaji."

Ta juya ta bi ubanta. Ta waiwaya sau ɗaya, ta hango Illa a gaban gadi yana roƙo har da durƙusawa, gadin na nuna masa agogo yana girgiza kai. Ba mugunta ba ce, shi ma akwai na sama da shi. Aka janye bututun ruwa. Illa ya kama ƙarfe ya haye taragonsa.

Jirgi ya yi kuka.

Tsohon ya tsaya cak. Ya karkata kunne yana jin ƙafafun ƙarfen na ɗaukar gudu, har ƙarar ta yi nisa ta koma kamar daka a wata unguwa. Shekara ba ta sake juyawa ba. Ba ta son ganin bayan jirgin, ba ta son ganin wanda ke tsaye a ciki.

"Ya tafi ko?"

"Ya tafi, Baba."

"Da gorona a aljihunsa."

"E."

"Da yaron?"

Ta sunkuyar da kai. Tana jira ya ce ai ya faɗa mata. Da ya faɗa ma da ta fi jin sauƙi. Amma sai ya lalubo hannunta ya riƙe, ya ce a hankali, "Mu je, 'yar nan."

Suka isa. Rijiyar ta rufta, ciyawa ta cinye bakinta. Tsohon ya shafa jikin tsamiyar, ya zagaya, ya miƙa sanda gabas yana neman ta biyun. Sandar ta bugi kututture.

"An sare ta," in ji Shekara. "Da daɗewa, ga alama."

"Wannan ce ta fi inuwa." Ya durƙusa, ya bi saiwar kututturen da tafin hannu har inda ta nutse a ƙasa. A nan ya zauna. "Nan ne. Kanta na nan, fuskarta gabas."

Ba tudu, ba dutse, ba wata alama. Ƙasa ce kawai da busassun ganye. Shekara ta zube a gefensa. Ba ta san fuskar matar ba, ba ta san muryarta ba, amma kuka ya zo mata tun daga ciki, na uwar da na Illa da na gajiyar shekaru, duk a haɗe. Tsohon ya bar ta ta yi, shi yana karatu ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

Suka shafa fatiha. Rana ta take tsaka, ba ruwa, ba buta, komai na cikin jirgi. Shekara ta fara tunanin inda za ta ja makaho a wannan daji, a ƙasar da ba su san kowa ba.

Sai tsohon ya ɗaga kai.

"Wani na zuwa."

"Ba kowa, Baba."

"Akwai. Takalmin Nasara ne a ƙafarsa, kuma yana ɗingishi."

Ta miƙe ta kare rana da hannu. Daga can saitin hanyar jirgin, nesa da tankin sosai, mutum ne ke tahowa yana jan ƙafa. Ba hula a kansa. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bi ƙaurinsa, ƙaya ta yi masa zane a fuska. Gorar ruwa na rataye a wuyansa, ƙunshinta a hammata, buta a hannu.

Ta toshe baki da gyale. Ta tsaya tana kallo har ya iso.

Illa ya yi sallama, ya durƙusa da kyar, ya ajiye butar a gaban tsohon.

"Wane ne?" in ji tsohon, alhali ya sani.

"Ni ne, Baba."

"Me ka dawo yi?"

"Kun bar buta."

"Aikin naka fa?"

"Ya wuce Ringim."

Shekara ta yi wata dariya da kuka a ciki. Ta tsuguna ta yage bakin zanenta, ta jawo gorar ta shiga wanke masa gwiwa.

"Yana gudu ka diro? Kana da hankali kuwa? Da ka karye fa?"

"Sai da na koma na ɗauko kayanku, kafin in fito ya ɗau gudu. Na jira ya zo hawa ya rage."

"Ɗakin fa, Illa? Duk wahalar da ka sha..."

"Dako bai ƙare a Kano ba. Na iya shi." Ya rage murya. "Na tsaya a ƙofar taragon ina hango ki kina ƙanƙancewa. Na ce in na bari kika ɓace, ko sun ba ni jirgin kyauta me zan yi da shi?"

"Ka cika wauta."

"Na sani, masoyiyata. A hankali, da zafi."

Tsohon yana jin su. Ya ɗauki butar ya jijjiga, ya ji da ruwa, ya yi alwala a tsanake. Suka yi azahar a inuwar tsamiyar da ta rage, shi a gaba, Illa na sallah a zaune saboda ƙafa.

Da suka sallame, tsohon ya juya wajen saiwar nan, ya ɗora tafinsa a ƙasa.

"Fadima," in ji shi.

Shekara ta ji sunan ya ratsa ta. Yau ta fara jin sa a bakinsa.

"Fadima, na daɗe. Ga jaririyar da kika bar mini, ta girma, har ta fi ki faɗa. Ga kuma Illa, ɗan gidan Manu maƙwabcinmu, kin san uwarsa. Shi zan ba ita. Na ce bari in fara gaya miki."

Illa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Shekara ta ja gyale ta rufe fuska, kunya da daɗi suka hana ta kallon kowa.

Tsohon ya dogara sanda ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya shaƙi iska, ya nuna kudu maso gabas.

"Akwai ƙauye ta nan, in bai tashi ba. Muna sayen hatsi a wajensu. In mun kama hanya yanzu za mu isa kafin la'asar ta yi sanyi."

"Da makaho da gurgu," in ji Shekara tana share ido. "Ni dai ban huta ba."

"Ɗauki ƙunshinki, mai baki."

Ta ɗora ƙunshi a ka, ta kama bakin sandarsa. Illa ya yunƙura zai wuce gaba ya share musu ƙaya, tsohon ya tare shi da hannu.

"A'a. Mu za mu fara tafiya. Kai ka tsaya ka zagaya zangon, ka duba ko an bar wani, sannan ka biyo mu."

Illa ya dube shi, ya dubi Shekara. Ya gane.

Suka kama hanya, ita a gaba, tsohon a baya. Da suka ɗan yi nisa ta waiwaya. Yana can yana ɗingishi, ya zagaya tsamiyar, ya zagaya kututturen, ya tsaya kaɗan a inda uwarta take. Sannan ya sunkuya ya ɗauki butar, wadda Baba ya sake mantawa, ya biyo sawunsu.